Zuwa ga telolin Nima da Maamobi: ku koya wa yaran shago zanen kwamfuta

 

Maganata a kan yaran da iyayensu suka danƙa muku amana ce. Yaro yana shekara uku a shago ya fita ya iya awo da yanka da taka keke, amma ranar da wata ƙungiya ta zo neman anko mai tambarinta, sai ya nufi maɗaba'un unguwar New Town ya biya wani ya zana masa. A yau ana buga zane a kan yadi kai tsaye daga kwamfuta, ana kuma huda leshi da hasken leza, kuma duk wanda zanen ke hannunsa shi ke yanke farashi. Don haka nake ganin lokaci ya yi da shirya zane a kwamfuta zai shiga cikin abin da ake koya wa yaro kafin a yaye shi.

Ku dubi abin da ya sami masaƙun ƙasar nan. A 1977 masana'antar yadi ta Ghana tana ɗauke da ma'aikata kusan 25,000. Zuwa 2000 sun koma kusan 5,000. Kamfanonin yadi na GTP a Tema da ATL a Akosombo sun sha fama da atamfa mai araha daga Sin, wadda wani lokaci zanensu ne aka kwafa, kuma tsarin sanya kayan gida ranar Juma'a da gwamnatin Kufuor ta ƙaddamar a 2004 bai mayar da waɗancan ayyuka ba. Babban kamfani ba ya tayar da inji don turmi ɗaya, sai oda mai yawa. Na'urar bugu ta kwamfuta kuwa za ta fitar da yadi shida na amarya ɗaya da zanen da babu mai irinsa a kasuwar Makola. Wannan ƙaramar kasuwa ta biki da suna da Mauludi taku ce tun asali, domin ku kuka san masu bikin.

Za ku ce na'urorin suna da tsada, ga kuɗin wuta, ga shi ba a manta da dumsor ba, wato yawan ɗauke wuta. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce kowa ya sayi inji ba. Tsohuwar kwamfuta ɗaya da manhaja irin CorelDRAW sun isa yaro ya koyi jan layi mai tsafta da jera zane yadda zai maimaitu ba tare da an ga mahaɗi ba. Bugu da yanka a kai wa masu inji a biya su ladan aiki, kamar yadda ake kai riga wajen mai aikin wuya.

Abin da mai injin ba zai koya masa ba shi ne halin yadi, kuma nan ne ku kuka fi kowa. Bugun da ake mannawa da zafin kusan digiri 200 yana kama yadin roba ne kawai. A kan auduga launin ba ya zama, wanki kaɗan ya koɗe. Auduga tana da nata tawada, wata ma sai an turara an wanke. Leza tana narkar da bakin yadin roba ta liƙe shi, zare ba ya warwarewa, amma a kan farar shadda tana barin gefe mai launin ƙuna. Launin da ke haske a fuskar kwamfuta yakan dushe a kan yadi, saboda haka a fara gwadawa a ƙyalle kafin a taɓa kayan mutane. Akwai kuma batun rai: fatar roba mai sinadarin PVC idan leza ta ƙone ta tana fitar da iska mai guba da ke cin huhu da injin kansa. Kada yaro ya kusanci leza a ɗakin da babu bututun fitar da hayaƙi, kada kuma ya bar ta tana aiki ya fita, domin yadi yana kama wuta.

Masu surfani suna tsoron inji zai kashe aikin hannu, kuma tsoron yana da tushe, ganin yadda keken aiki ya rage masu allura. Sai dai mai sayen babbar riga mai aska takwas ta hannu daban yake da mai neman riguna ɗari na makaranta, kuma na biyun ya riga ya bar ku. Yaron da ya fara zana aska da dagi a takarda, ya san inda kowane yake zama a ƙirjin riga, shi ne zai shigar da su kwamfuta ba tare da ya ɓata su ba. Ku kuma hana shi kwafar zanen wani, domin yana cikin abubuwan da suka raunana GTP.

An kafa Asusun Raya Zango da dokar 2017, kuma horar da matasa sana'a yana cikin aikinsa. Shugabannin ƙungiyar teloli na Nima da Maamobi, ku haɗa kai ku rubuta masa buƙatar ɗakin koyo guda ɗaya mai kwamfutoci da injin bugu da leza, wanda yaran kowane shago za su riƙa shiga bi da bi.

Wassalam.