Kura da Shan Bugu: John Fogerty da Mallakar Waƙoƙinsa

Idan tauraron mawaƙi ya dusashe, dalilan da mutane suka fi saurin kawowa ba su wuce uku ba: ko dai basirarsa ta ƙafe, ko zamani ya juya masa baya, ko kuwa sharholiya ta cinye shi. Akwai dalili na huɗu wanda manazarta waƙa ba su cika kula da shi ba, domin ba a cikin baiti ko amo yake ba, a takarda yake. Wannan dalili shi ne tambayar wa ya mallaki waƙar bayan an gama rera ta. Rayuwar John Fogerty, mawaƙin kiɗan rok na ƙasar Amurka, ta isa misali a kan haka.

An haifi Fogerty a shekarar 1945 a jihar Kalifoniya. Tun yana makaranta ya haɗu da abokansa biyu, watau Stu Cook da Doug Clifford, daga baya wansa Tom ya shigo suka zama huɗu. Sun daɗe suna kiɗa ba wanda ya san da su. A 1967 wani ɗan kasuwa mai suna Saul Zaentz ya sayi kamfanin faifai na Fantasy, ƙungiyar ta ɗauki sunan Creedence Clearwater Revival, aka kuma ƙulla sabuwar yarjejeniya. A cikinta ne haƙƙin mallakar waƙoƙin da Fogerty zai tsara ya koma hannun kamfani. Lokacin nan shekarunsa ashirin da 'yan kai, kuma ba shi da wani buri da ya wuce a ji muryarsa a rediyo.

An kuwa ji ta. A shekarar 1969 kaɗai ƙungiyar ta fitar da manyan faya-fayai har uku, ta kuma yi wasa a babban taron kiɗa na Woodstock. A wannan shekara ce aka ji waƙoƙi irin su "Proud Mary" da "Bad Moon Rising" da "Fortunate Son". Ita ta ƙarshen nan zambo ce ga 'ya'yan masu mulki da masu dukiya waɗanda suke kauce wa yaƙin Biyetnam, alhali ana kwasar 'ya'yan talakawa ana kai su bakin daga. Fogerty ne mai tsara waƙa, shi ne mai rerawa, shi ke kaɗa babbar jita, shi ke shirya faifai, har ila yau shi ne manajan ƙungiya. Wannan tattara komai a hannu guda ya haifar da ɓacin rai. Tom ya fice a 1971, ƙungiyar kuma ta watse a 1972.

Daga nan ne takardar da ya sa wa hannu ta fara nuna halinta. Kamfani ya saki sauran, amma ya riƙe Fogerty, domin yarjejeniya ta ce akwai sauran waƙoƙi masu yawa da ake bin sa. Kuɗin da ƙungiyar ta tara kuwa an zuba su a wani banki a tsibiran Bahamas, suka salwanta. Ya fitar da faifai a 1973 da 1975, ya shirya wani a 1976 aka ƙi fitar da shi. A 1980, don ya kuɓuta daga hannun kamfanin, ya sallama kason da yake samu daga cinikin tsofaffin faya-fayan ƙungiyar. Shi kuwa Zaentz, a wannan tsakani ya zama gawurtaccen mai shirya finafinai. Ga abin da Bahaushe yake nufi da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan shiru na kusan shekara goma, Fogerty ya dawo a 1985 da faifan Centerfield, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa basira ba ta ƙafe ba. Sai dai kamfanin Fantasy ya kai shi ƙara, yana da'awar cewa sabuwar waƙarsa, "The Old Man Down the Road", kwaikwayo ce ta "Run Through the Jungle", waƙar da shi Fogerty da kansa ya tsara a 1970, wadda kuma take mallakar kamfanin. Watau dai ana tuhumar mutum da satar fasahar kansa. A 1988 ya shiga kotu da jitarsa, ya kaɗa wa masu taya alƙali yanke hukunci, ya nuna musu cewa kamar da ke tsakanin waƙoƙin biyu ta salo ce, kuma salon mawaƙi kamar tafiyarsa ne, ba ya iya tuɓe shi ya ajiye. Suka ba shi gaskiya. Neman a biya shi kuɗin lauyoyinsa ya kai maganar har Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda ta goyi bayansa a 1994.

Wani zai iya cewa alkawari alkawari ne, ba wanda ya tilasta masa sa hannu, kuma kamfani ya zuba kuɗinsa a kan samarin da ba a san su ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin wanda ya ɗauki kasada ya cancanci riba. Amma riba daban, mallakar dindindin daban. Yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin gogaggen ɗan kasuwa da saurayi mai zumuɗin fita, idan ta ci gaba da ɗaure shi bayan an mai da jari an ci ribar ninkin-ba-ninkin, doka na iya amincewa da ita, adalci kuwa ba zai amince ba. Bugu da ƙari, abin da ake rasawa ya wuce kuɗi. A farkon shekarun 2000 an sa "Fortunate Son" a tallan wandunan kamfanin Wrangler, aka tsinci baitocin farko aka bar sauran, har waƙar zambo ta koma kamar ta kirarin ƙasa. Mai waƙar bai yarda ba, amma ba shi da ikon hanawa. Ashe wanda ya mallaki waƙa yana iya juya ma'anarta.

Duk da haka, ba daidai ba ne a wanke Fogerty tas. Shi ya ɗora wa kansa aikin manaja, aikin da ba shi da iliminsa, ya manta cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma da abin ya ɓaci, sai ya ɗauki matakin da ya fi cutar da shi a kan abokin gabarsa: ya daina rera tsofaffin waƙoƙinsa a bainar jama'a har shekara da shekaru, don kada wani kwabo ya ƙara shiga aljihun Zaentz. Kamfani bai fasa sayar da faifai ba, gidajen rediyo ba su fasa sawa ba. Wanda ya yi asara shi ne mawaƙin da masu son jinsa. Fogerty da bakinsa ya ba da labarin yadda Bob Dylan ya ankarar da shi a 1987 cewa in ya ci gaba da shiru, duniya za ta ɗauka "Proud Mary" waƙar Tina Turner ce, tun da ita ma ta rera ta ta yi fice. Fushin ya taɓa zumunci ma. Tom, wanda ya ci gaba da ɗasawa da Zaentz, ya rasu a 1990 ba tare da sun daidaita sosai ba. A 1993, ranar da aka karrama ƙungiyar a zauren tunawa da gwanayen kiɗan rok, Fogerty ya ƙi hawa dandamali ya yi kiɗa tare da tsofaffin abokansa biyu.

Farfaɗowarsa ta gaskiya ta zo ne lokacin da ya rarrabe tsakanin abin da takarda ta ce da abin da kowa ya sani, watau cewa waƙoƙin nan daga ƙwaƙwalwarsa suka fito. Ya koma rera su. Faifansa na 1997, Blue Moon Swamp, ya ci kyautar Grammy. A 2004 kamfanin Concord ya sayi Fantasy, ya kuma mai da masa kason cinikin da ya sallama. Zaentz ya rasu a 2014. A watan Janairu na 2023, yana da shekara 77, Fogerty ya sayi kaso mafi rinjaye na haƙƙin mallakar waƙoƙinsa. Ya kamata a lura da kalmar: saye ya yi. Ya biya kuɗi kafin ya karɓi abin da ya ƙaga da kansa fiye da shekara hamsin da suka wuce.

Abin da wannan tarihi yake nunawa shi ne, nazarin mawaƙi ba ya kammala idan aka tsaya ga jigo da salo da zubi kaɗai. Mai nazarin da ya duba shekarun 1976 zuwa 1984 bai ga sabon faifai ba, zai iya yanke hukunci cewa rijiyar Fogerty ta ƙafe, alhali kuwa murfi aka sa mata, wani ɓangare da hannun kamfani, wani da hannunsa. Saboda haka duk wanda zai auna hawa da saukar mawaƙi, wajibi ne ya tambayi wa ya ba shi jari, a kan wane sharaɗi, kuma a hannun wa waƙar ta kwana. Shi kuwa matashin da aka miƙa wa alƙalami ranar da aka fara yaba muryarsa, ya dace ya nemi wanda ya san doka ya karanta masa takardar tukuna. Fogerty ya sa hannu yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai gama warware wannan ƙulli ba sai da ya doshi tamanin.