Farfelar jirgin wasa

Yara da yawa suna ƙera jirgin sama da karan dawa ko da gwangwani. Iska ce ke juya farfelarsa a hankali. In ta lanƙwashe, sai a miƙe ta, a ci gaba da wasa. Ba laifi.

Akwai kuma jirgin wasa mai inji, wanda ake tuƙawa daga ƙasa. Farfelarsa ta katako ce ko ta roba. Tana iya juyawa fiye da sau 10.000 cikin minti ɗaya. In jirgin ya faɗo, farfela ta tsage, mai shi yakan ce: «Sabuwa tana da tsada, bari in liƙe wannan.» Gaskiya ne tana da tsada, amma wannan shawara ba ta da kyau. Liƙi ba ya riƙe abin da ke gudu haka. Da inji ya tashi, tsagar takan buɗe, guntu ya fita kamar dutsen majajjawa. Yaran da suka zo kallo su ne a kusa, kuma ba a sayar da ido a kasuwa. Farfelar da ta tsage, ko kaɗan ne, a jefar da ita.

Ƙaramar ƙarza a baki ita ce kawai ake iya gogewa. Bayan haka sai a gwada. A zura ƙusa cikin ramin tsakiya, a riƙe ta a kwance. In fiffike ɗaya ya rinjaya ƙasa, nauyi bai daidaita ba. Irin wannan farfela tana girgiza jirgi har inji ya kwance.