Kafin a ɗauke yaro daga Tawa a kai shi wata jami'a, a zauna a yi lissafi



Kowace damina idan sakamakon bak ya fito, gidaje biyu ne ke shiga tunani. Na farko gidan da ɗansu ya ci, ana neman inda za a kai dosiye. Na biyu, wanda ba a cika maganarsa ba, gidan da ɗansu ya riga ya yi shekara ɗaya ko biyu a jami'a, ya zo hutun bakansi yana cewa: «Baba, ni wurin nan bai yi mini ba, so nake in sake.» Kan wannan gida na biyu muka fi son tsayawa yau, don nan ne ake asarar shekaru da kuɗi ba tare da an ji ƙara ba.

Ra'ayinmu dai ga shi tun farko: sauya jami'a ba laifi ba ne, wani lokaci ma shi ne daidai. Amma yawancin sauyin da muke gani a yankin nan ana yin shi ne da jin labari. Wane ya ce Sakkwato ta fi, wance ta ce ɗan maƙwabta na Maradi yana karatun likita. Ba a zauna an duba makin yaron ba, ba a tambayi inda za shi ko za su karɓi abin da ya riga ya karanta ba.

Mu fara da abin da ke hannu. Iyayenmu da sunka yi karatu mai zurfi, ƙofa ɗaya gare su cikin ƙasa: Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973, anka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Sai jami'ar Musulunci ta Say da ta buɗe a 1986. A 2010 anka kafa jami'o'in Tawa, Maradi da Damagaram, a 2014 anka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ke nan ɗan Ƙonni na yau yana da jami'ar gwamnati a kowace jiha. Ta jiharmu, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, tana koyar da shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, aikin gona, ilimin koyarwa, ga kuma sashen IUT na koyon sana'a. Daga Ƙonni, in ka karya ta Tsarnawa, wajen kilomita 130 ne. Yamai ta haura 400.

Wannan tazarar a yi ta da muhimmanci, don ita ce abinci. Yaron da ke Tawa, uwa za ta iya ba direba ƙullin garin rogo da ƙuli da tiyar wake da safe, kafin azahar sun isa. In zazzaɓi ya kama shi, yayansa zai hau mota ya ga idonsa ya dawo a ranar. Duk wanda ya taɓa jiran alawus ɗin ANAB wata da watanni ya san darajar wannan ƙulli. Amma abin mamaki, mun mayar da Tawa wurin da ake zuwa in an rasa ko'ina. Yankin da ke noman albasar Galmi da ake kaiwa har Abijan da Akara, yankin da ke da fadamun ban ruwa na Ƙonni, a ce ɗiyansa na jin kunyar cewa aikin gona suke karantawa a jami'ar jiharsu? Wannan kam sai mu.

To, a ce yaro ya dage sai ya sake. Abu na farko da ya kamata uba ya gane shi ne yadda ake ƙidayar karatu yanzu. Jami'o'inmu na bin tsarin LMD: lisans shekara 3 ce, zango 6, kowane zango yana da kiredi 30, jimla 180. Yaron da ya ce «na yi shekara biyu a jami'a» bai faɗa maka komai ba tukuna. Tambayar ita ce, kiredi nawa ya ci? Akwai mai shekara biyu da 120 cif a hannu, akwai mai shekara biyu da bai cika 60 ba, yana jan bashin darussa a baya. Na farkon yana da abin da zai kai wata jami'a. Na biyun in ya tafi, kusan daga fari zai soma, ko a wane gari ne.

Kuma ko mai 120 ɗin, jami'ar da za shi ita ke da maganar ƙarshe. Su za su ɗora takardar makinsa kusa da tsarin darussansu su gani ko sun yi daidai. Wanda ya karanta shari'a a Tawa yana son ci gaba da shari'a a Yamai, maganarsa mai sauƙi ce. Wanda ya karanta tattalin arziki yana son komawa fannin lafiya, ba sauyin jami'a yake nema ba, sabon karatu ne, kuma bak ɗinsa za a koma a duba. Ga wata matsala da ɗalibai sunka fi iyaye sani: shekarun karatu ba su tafiya tare. Yajin aikin malamai, na ɗalibai, da cunkoso sun sa sau da yawa wata jami'a na rufe rajista alhali waccan ba ta fitar da sakamakon zango na biyu ba. Yaro ya baro can, nan kuma ba shi da takardar da zai nuna. Shekara ta tafi a zaune a majalisar shayi. Shi ya sa muke cewa kada kowa ya saki kujerarsa sai ya riƙe takardar karɓa a rubuce, da hatimi. Alkawarin «na san wani a ofis» ba takarda ba ne. Kuma a je ofishin ANAB a tambaya me sauyin zai yi wa alawus, don alawus yana da sharuɗɗansa, ba ya bin yaro kamar inuwa duk inda ya nufa.

Maganar likita kuwa, sai mun faɗa wa juna gaskiya. Kowane gida na son likita, kuma wanda ya ga layin marasa lafiya a asibitin Galmi ba zai ga laifinsu ba. Cikin jami'o'in gwamnati, Yamai, Maradi da Damagaram ke da sashen lafiya, guraben kuma kaɗan ne bisa ga masu nema. Yaron da ya samu bak D a zagaye na biyu da maki 10 da ɗan wani abu, yana takara da masu 14 da 15 daga duk faɗin ƙasa. Allah na iya komai, amma wanda ya kai dosiye wuri ɗaya tak ya zauna jira, shi ya zaɓa wa kansa. Hikima ita ce a raba ƙafa: wuri ɗaya na buri, inda samu zai yi wuya, wuri ɗaya ko biyu inda makin yaro ya yi daidai da na waɗanda anka ɗauka bara, sannan wurin da ake da tabbacin samu. Kuma a duba maki na darasi darasi. Mai 11 a jimla amma da 15 a lissafi da fizik, yana da hujjar gwada jarrabawar shiga EMIG ta Yamai, makarantar ma'adinai da masana'antu. Kamfanin siminti na Malbaza na bakin hanya muna wuce shi kullum, injiniyoyi da masu gyaran injuna yake ɗauka, ba masu buri ba. Haka guraben karatu na Maroko da Aljeriya da ke biyowa ta hannun gwamnati, masu maki na sama ake tacewa. Wanda bai kai ba ya nema in yana so, amma kada ya jingina shekararsa a kansu.

Yanzu Sakkwato, wadda ita ce babbar jarrabawarmu mu mutanen bakin iyaka. Ta fi Tawa kusa da Ƙonni, ba ta kai kilomita 100 ba in ka ƙetare ta Illelar Najeriya. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, aure ya haɗa, kasuwa ta haɗa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan tun 1975, tana da asibitin koyarwa, kuma ba mai musun ta fitar da manyan malamai. Amma kusan hanya daban, kusan takarda daban. Can da Ingilishi ake karatu, Hausar da ta haɗa mu a kasuwa ba ta shiga ɗakin jarrabawa. Shiga jami'a sai ta hukumar JAMB, kuma suna neman nasara a darussa biyar na sakandare, ciki har da Ingilishi ɗin. Takardar da ta fito daga wata ƙasa sai an kai an tantance ta. Digirin farko shekara 4 ne a yawancin fannoni, 5 a injiniya da shari'a, 6 a likita. Yaron da ya bar shekara ta biyu a Tawa, saura masa shekara ɗaya ya karɓi lisans, zai iya samun kansa yana koyon Ingilishi shekara guda sannan ya fara daga ƙasa.

A ƙara da abin da munka gani da idonmu. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020. An sake rufewa bayan 26 ga Yulin 2023, sai Maris na 2024 anka buɗe. Malaman jami'o'in Najeriya sun yi yajin aiki na wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda zai tafi ya sa duk wannan cikin lissafinsa.

Akwai kuma wata gajeriyar hanya da ake raɗa wa juna, kuma mu muna ganin ita ce mafi haɗari: a yi wa yaro takardar zama ɗan wata ƙaramar hukuma ta can, da sabuwar ranar haihuwa, wani lokaci da sabon suna, don ya biya kuɗin ɗan ƙasa. Yau an rage kuɗi. Bayan shekara biyar ya dawo gida da digiri mai suna ɗaya, bak mai suna daban, takardar haihuwa mai shekara daban. Ranar da zai nemi a daidaita masa digirinsa a Yamai don shiga sabis sibik ko kwankur na aikin gwamnati, ranar ce zai gane cewa a takarda mutum biyu ne shi. Balle ma laifi ne a dokar ƙasashen biyu. Wanda zai je Sakkwato ya je da sunansa na gaskiya, ya biya abin da anka ce ɗan ƙasar waje ya biya, ko ya haƙura.

Ba muna cewa kowa ya zauna ba. Yaron da ya yi makarantar faranko-arab, ko wanda ya yi wani ɓangare na karatunsa a Najeriya, Ingilishinsa ya zauna, ko wanda ya riga ya kammala lisans yana neman mastar a fannin da babu a gida, wannan tafiyarsa tana da ma'ana. Ƙarasa lisans kafin a motsa shi ne ya fi kowace dabara, don cikakkiyar takarda ta fi rabin takarda saurin samun karɓa a ko'ina. Ɗaliban da yaƙin Sudan ya koro daga Khartum a Afrilun 2023 sun ɗanɗana wannan: wanda ya fito da takardun makinsa a jaka ya samu abin nunawa, wanda ya baro su a ofishin jami'a ya sha wuya. Saboda haka duk ƙarshen zango yaro ya karɓi takardar makinsa, ya yi kwafi, ya ɗauki hotonta ya tura wa wani a gida.

Makarantu masu zaman kansu kuwa, akwai na ƙwarai, akwai na cin kasuwa. Tambaya biyu ta isa: ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ba su izinin wannan fannin da kansa, ba izinin buɗe makaranta kawai ba? Kuma CAMES ta amince da wannan digirin? CAMES ɗin nan a Yamai anka yanke shawarar kafa ta a 1968, ofishinta na Wagadugu, kuma Najeriya ba ta cikinta, abin da ya sa digirin can ke buƙatar daidaitawa in an kawo shi gida. Mu tuna a Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayo digiri a Kwatano cikin mako shida. Masu karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su. In mai makaranta ya fara kame-kame da ka tambayi takardar izini, ka riƙe kuɗin albasarka.

Ɗiya mata sai an ƙara musu wata tambaya: ina za ta kwana? Ɗakunan kwanan ɗalibai ba su isar kowa. Sau nawa yarinya mai ƙoƙari ta samu gurbi a gari mai nisa, anka rasa gidan amana, wata uku ta dawo, daga nan sai maganar aure ta taso? A nemi masauki kafin a kai dosiye.

Abin da muke roƙo ba ya buƙatar kuɗin gwamnati. Ɗalibanmu da ke Tawa, Yamai, Maradi, Damagaram da Sakkwato duk suna gida lokacin bakansi. Ƙungiyoyinsu su nemi aji ɗaya a lise na Ƙonni, na Malbaza da na Illela, kwana biyu kawai bayan fitar sakamako, kowace jami'a da teburinta. Sabon mai bak ya zo da takardar makinsa, mai son sauyi ya zo da nasa kiredin, uba ko kawu ya biyo shi. A faɗa musu da maki nawa anka ɗauki mutane bara, nawa ne hayar ɗaki, yaushe ake rufe rajista, wane ofis ke sa hatimi. Gidajen rediyon gari su sanar da ranar da Hausa, don iyayen ƙauye da ke sayar da bijimi su biya kuɗin su ma su ji da kunnensu.