KIWON LAFIYA: Zubewar Gashi Bayan Hasken Asibiti

Idan likita a Babban Asibitin Minna ya tabbatar wa mace cewa ƙullutun da ke nononta ciwon daji ne, ya rubuta mata takardar zuwa Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika domin a yi mata gashi da na'ura, tambayar da kan biyo bayan ta kuɗi ita ce ko gashin kanta zai zube. Tambayar ba ta wasa ba ce, domin kuwa akwai waɗanda tsoron wannan abu kan sa su ninke takardar su koma wajen mai sassaƙe, sai ciwo ya ci ƙarfinsu a dawo da su ranga-ranga. Hausa ma ta ƙara dagula zancen, da yake gashin na'ura da gashin kai rubutunsu ɗaya ne.

Abin da ya kamata a sani shi ne, hasken da ake gasa daji da shi ba ya zubar da gashi sai a daidai wurin da ya ratsa. Aikinsa shi ne lalata ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, to kuwa na tushen gashi suna cikinsu. Saboda haka wadda aka haska wa nono tana iya rasa gashin hammata, amma na kanta yana nan daram. Wanda kan zubar da gashin kai gaba ɗaya shi ne maganin daji da ake sa wa ta jijiya, domin shi jini yake bi ya zaga jiki. Mutane da yawa sukan haɗa biyun su yi musu kuɗin goro. Wanda aka haska wa kai kuwa, gashinsa kan fara zuba bayan mako biyu zuwa uku, ya kuma soma tsirowa wata uku zuwa shida bayan an gama, wani lokaci da sauyin laushi ko launi. In hasken ya yi yawa ƙwarai, wurin yana iya zama sanƙo har abada.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A 1895 ne Wilhelm Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a Jamus. A 1896, a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, wani malami mai suna William Dudley ya ba da kansa aka haska don gwaji, bayan kwana 21 gashi ya zube a gefen da ya fuskanci na'urar. Daga baya har aka riƙa haska kawunan yara masu makero da gangan a ƙasashe da dama domin gashi ya faɗi a sami damar shafa magani, ba a daina ba sai a ƙarshen shekarun 1950 da aka sami ƙwayar sha. Shekaru bayan haka aka ga ciwon daji na maƙoshi da ƙari a cikin kai sun fi yawa a tsakanin waɗannan yara.

Ma'aunin hasken da jiki ya sha ana kiransa gire. Sai fatar kai ta sha wajen gire 3 a lokaci guda kafin gashi ya zube ya sake tsirowa, wajen gire 7 kuwa yana iya hana shi dawowa. Hoton ƙirji ko na karaya bai kai kashi ɗaya cikin dubu na gire 3 ba. Ashe ke nan mai tari da ya ƙi hoton ƙirji don tsoron sanƙo ya cuci kansa a banza.

Amma fa in gashi ya zube bayan ɗaukar hoto kawai, wannan wata magana ce dabam. A asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles, daga Fabrairun 2008 zuwa Agustan 2009, marasa lafiya sama da 200 da aka yi wa hoton ƙwaƙwalwa da na'urar siti sikan sun sha haske kusan ninki takwas na abin da ya kamata, saboda kuskuren saitin na'urar. Wata goma sha takwas ana yi babu ma'aikacin da ya ankara, har sai da wani majiyyaci ya kai ƙarar cewa gashinsa yana zuba. Waɗansu nasu ya zube a zagaye, tamkar an ɗaura musu ƙyalle a kai. In haka ta faru a birnin da ke da ƙwararru da kayan aiki, to ɗakunan ɗaukar hoto na Bosso da Tunga da Chanchaga ba su fi ƙarfin kuskure ba. Akwai Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda dokar 1995 ta tanada, ta kuma fara aiki a 2001; ita ke ba da lasisin irin waɗannan na'urori, kuma haƙƙin majiyyaci ne ya tambaya ko wurin da ya je yana da shi. Duk wanda ya ga gashinsa ya zube ko fatarsa ta ƙone cikin makonnin da suka biyo bayan hoton kai, kada ya ɗora wa sammu ko iska. Ya ɗauki katinsa da kwanan watan hoton ya koma wurin likitan da ya tura shi.

Ita kuwa wadda ake yi wa gashin daji a kai, ta guji man miƙar da gashi da rini da kitso mai ja, ta wanke kai da sabulu marar ƙarfi, ta rufe shi da ɗankwali mai laushi, musamman a ranar Maris da Afrilu ta Minna. Miji da dangi su sani cewa hasken da aka harba daga waje ba ya zama a jiki. Tana iya ɗaukar jariri, a kuma ci tuwo da ita a kwano ɗaya a daren da ta dawo daga asibiti.