Tsohon da bai manta komai ba shi ake nema

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu da ke fama da kundin digiri na biyu, akwai maganar da nake so mu yi a fili. Da an ce bincike kan cutar mantuwa, wadda a gida muke kira gigin tsufa, sai hankalinmu ya tafi kan tsohon da ya daina gane 'ya'yansa. To masu binciken rigakafi ba shi suke nema ba. Suna neman dattijo mai ƙoshin lafiya ne, mai zuwa masallaci da ƙafarsa, mai lissafin cinikinsa a Kasuwar Kure ba kuskure. Sai an bi irinsa shekara da shekaru ake gane abin da ke kare ƙwaƙwalwa.

Haka aka yi a Finland. Binciken FINGER ya ɗauki mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 da cutar ba ta kama ba. Rabinsu aka yi shekara biyu ana gyara musu abinci, ana sa su motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa, ana duba hawan jini. Sakamakon 2015 ya nuna sun fi sauran kaifin tunani. A 2024 kuma kwamitin mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ji, shan taba da kaɗaici. Wanne ne babu a gidajenmu?

Sai dai amsar Finland ba dole ta zama tamu ba. Tun 1992 aka fara kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙar fatar Indianapolis a Amurka, kuma a 2001 aka ga yawan masu kamuwa a Ibadan bai kai rabin na can ba. Ashe wuri da cima da yanayin zama suna sauya lissafi. To Bagware da Banufe da Bahaushen Minna fa? In ba su shiga bincike ba, da ma'aunin wasu za a yi ta auna su.

Na san abin da za a ce: tsofaffinmu ba sa yarda. Baba zai ce, "Lafiyata ƙalau, me za ku auna?" Gaskiya ni ban ga laifinsa ba. Yana tsoron a ce ya fara taɓuwa, kuma Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan kan yara a Kano a 1996 ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Nan ne aikinmu yake, tunda mu ake turawa unguwanni da takardun tambayoyi. Sallama ga mai unguwa wajibi ce, amma yardarsa ba ta maye yardar Baba, haka ma ta babban ɗansa. A yi masa bayani da harshensa, a gaya masa yana iya fasawa duk ran da ya so. Iya da ke cikin gida, mace ce za ta shiga wurinta. Kada a ba wanda bai taɓa riƙe biro ba takarda a ce ya zana agogo, in ya kasa a rubuta ƙwaƙwalwarsa ta raunana, alhali izu sittin na kansa. In an auna jininsa ya hau, a faɗa masa, a nuna masa hanyar asibiti. In an gama, a dawo a gaya wa unguwa abin da aka gano.

Masu zama ƙarƙashin mangwaro su cike takardu ɗari da hannunsu kuwa, don Allah a ji tsoron Allah. Da wannan ƙaryar za a tsara kula da iyayenmu, gobe kuma da mu.

Allah ya ba iyayenmu tsufa mai albarka, ya bar su da hankalinsu.