Ruwan burtsatsen unguwarku garau yake, amma wa ya taɓa duba shi?

Yau ba maganar data ko saitin waya za mu yi ba, maganar ruwan sha ce, amma wayar da ke hannunka tana da aiki a ciki.

Duk wanda ya san Gwarzo da Kabo ya san yawancin gidaje da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa suka dogara. Abin da ke damuna shi ne, da zarar an ga ruwa garau sai a ce mai kyau ne. Alhali ƙwayoyin kwalara da taifot ba a ganinsu da ido, ba su da wari. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, kuma Kano na cikin jihohin da ta fi shafa.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a fili yake: kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Samun ta na nufin bahaya ya shiga ruwan. To amma wane ƙauye ne zai riƙa kai ruwa ɗakin gwaji a Kano kowane wata? Kuma gwaji ɗaya labarin ranar da aka ɗebi ruwan kawai yake bayarwa. Rijiyar da ta fito lafiya a watan Maris tana iya gurɓata a Agusta idan ruwan sama ya kwaso ƙazanta.

Shi ya sa nake ganin binciken ido ne ya kamata ya zama na farko, wanda WHO ɗin ma ta jaddada a ƙa'idojin ƙananan hanyoyin ruwa da ta fitar a 2024. Ɗauki wayarka ka je bakin ruwan, ka amsa waɗannan da e ko a'a:

1. Akwai masai ko shadda kusa, ƙasa da mita 30?
2. Daɓen simintin ya tsage?
3. Ruwa yana kwanciya a gindin famfon?
4. Dabbobi suna zuwa har bakinsa?
5. Rijiyar ba murfi, ko ana yar da guga a ƙasa?
6. Tankin sama a buɗe yake, ko an daɗe ba a wanke ba?

Kowace "e" ƙofa ce ta cuta. Ɗauki hoto, kunna GPS, ka rubuta kwanan wata. Manhajar mWater kyauta ce kuma tana aiki ko babu intanet. Idan ta yi maka nauyi, zauren WhatsApp na unguwa ma ya isa. Hoton tsagewa mai kwanan wata ya fi surutu ƙarfi a gaban kansila ko hukumar RUWASA.

Wani zai ce, ai kakanninmu sun sha ba abin da ya same su. A zamaninsu gidaje da masai ba su matse rijiya haka ba.

Gaskiya ɗaya: waya ba ta gwada ruwa. Duk manhajar da ta ce za ta gano ƙwayar cuta da kyamara, ka goge ta. Inda aka samu "e" da yawa, a nemi gwaji na gaske, kafin nan a tafasa ruwan ko a sa kulorin a jira minti 30. Kar kuma a manta da jarka da randa da moɗa, domin ruwa mai kyau ma a can yake lalacewa.

Damina na tafe. Wa zai fara duba na unguwarku?