Baƙon netwok a kwamfuta: a karanta sunansa kafin a zargi maƙwabci

A ce malamin makaranta ne a Faskari ya kunna kwamfutarsa ta gwanjo da daddare zai shigar da makin ɗalibai, sai ya ga wani layin netwok da bai san da shi ba. Jiya biyu ne, yau sun zama uku. Abin da zai fara zuwa ransa shi ne an yi masa kutse. Daga nan sai ya fara lissafin waɗanda suka taɓa kwamfutar a makon nan.

Wannan lissafin shi ne abin tsoro. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina da aka katse wa layin waya a watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. A irin wannan yanki, a ce wane yana leƙen asirin mutane ba ƙaramar magana ba ce, domin sunan infoma idan ya manne wa mutum da wuya ya fita. Bai kamata ɗan maƙwabci ko yaron shagon gyara ya ɗauki wannan tabo saboda wata 'yar alama a fuskar kwamfuta ba, alhali binciken bai wuce na minti goma.

A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta ncpa.cpl. Shafin da zai buɗe yana nuna duk hanyoyin sadarwar kwamfutar, kuma a ƙarƙashin kowacce akwai sunan abin da ya samar da ita. A nan amsar take. Idan an ga Remote NDIS, to waya ce ko MiFi aka jona da kebul na USB. Idan Microsoft Wi-Fi Direct Virtual Adapter ne, Windows ce da kanta ta ƙirƙire shi don raba intanet ga wasu na'urori, kuma yakan bayyana da zarar an kunna hotsifot na kwamfutar. Bluetooth Network Connection ma na gida ne. Mai ɗauke da sunan VirtualBox ko vEthernet kuwa na manhajojin da ke gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta ne, kuma sau da yawa tun daga hannun mai ita na farko ya taho.

Akwai kuma wanda ya fi ruɗa mutanen karkara, wato a ga sunan netwok yana ta hawa: Network 2, Network 7, har Network 20. Inda sabis ba ya tsayawa, yau a jona MTN, gobe Airtel, jibi a ari wayar ƙane, Windows tana ɗaukar kowace sabuwar na'ura a matsayin sabon netwok, ta ba ta lamba. Wasu wayoyin Android ma suna sauya lambar shaidarsu duk lokacin da aka jona su, sai a ƙirga waya ɗaya sau goma. Lambar tarihin wahalar neman sabis ce kawai.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne TAP-Windows Adapter. Manhajojin VPN ne ke dasa shi, kuma 'yan Najeriya da dama sun sauke VPN lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu kuma don neman data ta ɓagas. Haka nan wasu manhajojin da ake buɗe Windows ko Office na sata da su suna barin irinsa. Shi kansa ba ƙwayar cuta ba ne, amma yana nuna an shigar da wani abu da ya kamata mai kwamfuta ya san asalinsa. VPN na kyauta da ba a san masu shi ba yana iya ganin wuraren da mutum ke shiga.

Gwajin mai sauƙi ne. A danna layin da ɓangaren dama na linzami, a zaɓi Disable, a ci gaba da aiki kwana ɗaya ko biyu. Idan babu abin da ya tsaya, sai a nemo manhajar da ta kawo shi a cire ta. Abin da bai dace ba shi ne garzayawa Funtuwa ko Malumfashi a ce wa mai gyara ya yi fomat. Takardu da hotuna su tafi, kuɗin mota su tafi, sannan a sake ɗora Windows ɗin satar nan, layin ya dawo daram.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne mai kutse na gaske ba ya buƙatar sabon layi. Ta wanda ake amfani da shi kullum yake bi. Don haka idan data na ƙarewa ba dalili, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wurin dubawa daban ne. A rubuta resmon a akwatin nan na farko, a shiga sashen Network, a ga manhajar da ke jan data. Sau da yawa sabuntawar Windows ce, kuma sanya layin a matsayin Metered connection yana rage ta. Idan aka ga AnyDesk ko TeamViewer alhali mai kwamfuta bai sa su ba, wannan kam a cire nan take, a sauya kalmomin sirri na imel da na banki daga wata na'urar.

Sai ita MiFi ɗin. Adireshin shafinta yana rubuce a jikinta ko a ƙarƙashin batir, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. A can ake ganin duk na'urorin da ke shan datar gidan. Gida mai waya uku da kwamfuta ɗaya, idan ya ga na'ura bakwai, to kalmar sirrin ce ta zaga unguwa, wataƙila tun ranar sunan da aka ba wani baƙo ita. A sauya ta, a sauya ta shiga shafin ma, domin MiFi da yawa har yau suna kan admin ɗin da suka fito da shi daga kamfani.